Wa ke riƙe da makullin rautar gidanku?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan abu guda suke, wato ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ƙananan fitilu da ke raba intanet a gida ko a shago, wanda muke kira rauta. Na zaɓi guda huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, na bar unguwa ko gari kawai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a Mabera, ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Maigida ya sayo muna rauta mai layin waya, wani yaro ya zo ya haɗa. Datar da anka ce ta wata guda ce ba ta kai mako biyu. Bayan Magariba sai in ga yaran unguwa sun jeru jikin katangarmu, kowa da waya a hannu. Ɗana ya canza lambar Wi-Fi, anka kwana biyu sunka dawo. Abin da ya fi damuna shi ne da wayar nan nike karɓar kuɗin mutane. Suna iya kai wa ga asusuna na banki?

AMSA: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ɗanki ya yi ƙoƙari, amma rabin aikin ya yi. Rauta makulli biyu gare ta, kuma yawancin mutane ɗaya suka sani. Na farko kalmar sirrin Wi-Fi, wadda ake ba baƙo idan ya ce a jona masa. Na biyu kalmar sirrin shiga cikin rautar kanta, inda ake canza saiti, a ga duk wayoyin da ke kai, a kori wanda aka ga dama, har a karanta kalmar sirrin Wi-Fi ɗin ɓaro-ɓaro. Rauta kamar zauren gida take, mai shiga da mai fita duk ta nan za su bi, kuma wanda ya riƙe makullin zaure ba ya jiran kowa ya buɗe masa.

Ki sa a ɗago ta a duba ƙarƙashinta. Akwai 'yar takarda manne, sau da yawa zafi ya sa gefenta ya fara ɓanɓarewa. A jikinta za ki ga lambobi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, sannan sunan shiga da kalmar sirri. A rautoci da yawa duka biyun kalma ɗaya ce, admin da admin. Wannan ba sirri ba ne ga kowa. Yana cikin ɗan littafin da ke zuwa a kwali, kuma duk wanda ya rubuta samfurin rautar a Google zai gan shi. To yaron da ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinku ko sau ɗaya, in dai yana da ɗan wayo, zai iya shiga ciki ya buɗe wa kansa wani layin na baƙi da tasa kalmar sirrin. Ku canza taku sau goma, nasa layin na nan bai motsa ba.

Ga abin da nake so ɗanki ya yi, ke kuma kina zaune kusa da shi. Ya rubuta lambobin nan a inda ake rubuta adireshin shafi a waya, ya shiga. Ya fara canza kalmar sirrin shiga kafin komai. Sai ya nemi jerin na'urorin da ke kai. Za ku ga sunaye irin su Infinix, TECNO, itel, da talabijin idan tana hawa intanet. Ku ƙirga wayoyin gidan, ku ƙirga na jerin. Idan na gida shida ne aka ga goma sha ɗaya, magana ta fito. Ya duba ko akwai layin baƙi a kunne, ya kashe. Rautoci da yawa layi biyu suke bazawa, ɗaya mai lamba 2.4 ɗaya mai lamba 5, kuma ana yawan canza na ɗaya a manta da ɗayan. Sannan ya sa sabuwar kalmar Wi-Fi doguwa, kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ba lambar wayar maigida ba, ba sunan autar gida da shekarar haihuwarta ba. Wajen zaɓen nau'in tsaro ya ɗauki WPA2, ko WPA3 idan akwai. Idan ya ga WEP ya guje shi, tun 2001 aka nuna yadda ake fasa shi.

Akwai wani maɓalli da ake kira WPS, an yi shi ne don a jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. A kashe shi. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna aibinsa. Lambar WPS alƙaluma takwas ce, wanda a ƙa'ida sai an gwada miliyoyi kafin a dace. Amma rautar tana duba huɗun farko daban, tana faɗa idan an dace, na ƙarshen kuma lissafo shi ake yi daga sauran. Da haka gwajin ya sauko zuwa 11,000 kacal, aikin 'yan awoyi ga kwamfuta. Sababbin rautoci suna kulle kansu bayan an yi kuskure 'yan lokuta, tsofaffi da yawa ba sa yi.

Duk da haka, a gidajen da na shiga, hanyar da ta fi yawa ba ta kai wannan zurfin ba. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, waya tana iya nuna hoton lambar nan mai murabba'i da ake ɗauka da kyamara, wani ya haska wayarsa ya hau Wi-Fi nan take. Aboki ɗaya ya ari wayar ɗanki na minti guda, shi ke nan, layinku ya zagaye unguwa. Wannan ba saiti ke maganinsa ba, magana ce tsakaninki da yaran gida.

Yanzu batun banki, wanda shi ne ya hana ki barci. Manhajar banki a ƙulle take aika saƙonta, don haka wanda ya hau Wi-Fi ɗinki kawai ba zai zauna yana karanta lambar sirrinki ba. Wannan ya kwantar miki da hankali. Inda haɗarin yake shi ne idan mugu ya riƙe makulli na biyu. A cikin rauta akwai saitin da ake kira DNS, shi ke gaya wa waya inda kowane shafi yake idan an rubuta sunansa. Wanda ya canza shi zai iya sa ki rubuta sunan bankinki daidai, a kai ki shafin bogi mai kama da shi sak. An yi wannan a Barazil a 2018, inda aka juya rautoci kusan 100,000 don satar bayanan shiga banki. Saboda haka idan waya ta taɓa nuna miki gargaɗin cewa shafin banki ba amintacce ba ne, kada ki danna ci gaba. Ki fita, ki kashe Wi-Fi, ki gwada da datar layinki. Lambar da banki ke turowa ta saƙo kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga bankin yake kira.

Ina roƙonki kada a fita a yi wa yaran mutane faɗa kafin a ga jerin nan. Na sha ganin gidan da ake zargin maƙwabta, ashe talabijin ce ke shanye datar da YouTube tun safe har dare. Idan kuma ta tabbata su ne, a yi wa iyayensu magana cikin mutunci. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hana shiga na'urar wani ba da izininsa ba, amma ban ga dalilin da maganar data za ta kai maƙwabta gaban hukuma ba.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon kwamfuta a kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom, muna kuma sayar da tikitin Wi-Fi na awa-awa. Rautar MikroTik ce, tun 2017 wani injiniya ya haɗa mini ita, ya koma Abuja, ban ƙara taɓa ta ba. Kwanan nan intanet ɗin ya yi nauyi, kuma da dare bayan na rufe shago fitilarta ba ta daina ƙyaftawa. Abokina ya ce in daina wahalar da kaina, wane ɗan kutse ne zai bar bankuna ya zo kan shagon buga takarda a Sakkwato. Gaskiyarsa ce?

AMSA: Alhaji, abokinka ya ɗauka mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai yi wa kutse. Ba haka abin ke tafiya ba. Manhaja ce ake saki, tana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana, tana gwada kowace na'ura. Ba ta san Sakkwato ba, ba ta san Landan ba, lamba kawai take gani. Kuma ba takardunka take nema da farko ba, rautar taka take so, don a haɗa ta da dubban irinta a yi aiki da su.

A 2016 duniya ta ga wannan ƙarara da wata manhaja mai suna Mirai. Dabararta ba ta da wuya ko kaɗan: jerin sunayen shiga da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda kamfanoni ke sakawa, tana gwada su a kan rautoci da kyamarorin tsaro. Da haka ta kame dubban ɗaruruwan na'urori. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka juya su kan wani kamfanin Amurka mai suna Dyn, wanda manyan shafuka ke dogaro da shi wajen DNS, suka yi masa ambaliyar saƙonni, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka na awoyi. A Nuwamban shekarar, wani nau'inta ya durƙusar da rautoci kusan 900,000 na masu hulɗa da kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom a Jamus. Samari uku 'yan Amurka ne suka rubuta ta, sun amsa laifi a kotu a Disambar 2017. Kada ka ce abin na Turai ne. A ƙarshen 2016 ɗin aka yi amfani da irin wannan runduna kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, nan Afirka ta Yamma, kuma a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan Birtaniyan da ya yi aikin, Daniel Kaye, shekara biyu da wata takwas. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su ma san an yi ba.

Taka rautar tana da nata labarin, kuma shekarar da ka ambata ce ta sa na damu. A Afrilun 2018 aka gano wata kafa a Winbox, manhajar da ake shiga MikroTik da ita, wadda ke ba ɗan kutse damar kwashe kalmomin sirri ba tare da ya san ko ɗaya ba. Kamfanin, wanda yake a Latbiya, ya fitar da gyara cikin gaggawa a wannan watan. Amma gyaran ba ya shiga da kansa, sai mai rauta ya sabunta ta. Zuwa Agustan 2018 an kame kusan 200,000, yawancinsu a Barazil, aka sa su suna cusa wa masu amfani da su manhajar haƙar kuɗin kirifto. A 2021 wata runduna mai suna Meris ta ɓulla, kamfanin ya bayyana cewa rautocin da aka yi wa kutse tun 2018 ne, waɗanda ko an sabunta su ba a canza kalmar sirrin da aka riga aka sace ba. Rautar da ba a taɓa ba tun 2017 tana ɗauke da wannan kafa har yau.

Ƙyaftawar fitila ita kaɗai ba hujja ba ce, don ko wayar da aka bari a caji tana sa ta ƙyafta. Haka kuma idan intanet ɗinka ta layin waya yake zuwa, galibi kamfanin yana haɗa mutane da yawa a bayan adireshi guda, wanda ke sa shigowa daga waje ya yi wuya. Mai adireshin kansa, kamar yadda wasu kamfanonin intanet masu rediyo ko igiyar faiba ke bayarwa, shi ya fi zama a fili. Sai dai kai kana da wata ƙofar da gida ba shi da ita: kullum baƙi ne a kan layinka, kuma a cikin ɗalibai akwai masu karatun kwamfuta da ke son gwada abin da suka koya.

Na taɓa duba wata a wani shago cikin gari. Tana ajiye a kan batirin inbata, ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iskarta, jikinta zafi rau. Da muka shiga jerin masu izini sai ga suna na biyu da mai shagon bai taɓa ji ba. A wajen da ake tsara ayyukan da rauta ke yi da kanta, ga wani umarni yana sa ta ɗauko fayil daga wani adireshin waje kowane ɗan lokaci. Mai shagon ya daɗe yana kallon allon, sai ya ce, "Ni dai na san duk wata ina biyan kuɗin data." Wani ne can yake bi ta layinsa yana ɓoye sawunsa, kuma duk ɓarnar da ya yi, adireshin shagon za a gani.

Shawarata, ka nemi wanda ya san MikroTik a nan gari, ya zo shagon ya yi aikin a gabanka. Tunda ta daɗe haka, sabuntawa kawai ba ta gamsar da ni ba. A goge ta gaba ɗaya, a zuba mata sabuwar RouterOS, wato manhajar da ke tafiyar da ita, daga shafin kamfanin, a sake tsara tikitin daga farko, a sa sabuwar kalmar sirri, a rufe ƙofar Winbox mai lamba 8291 ta yadda ba a isa gare ta daga waje ko daga layin kwastoma. Idan ya gama, kai za ka rubuta kalmar sirrin da hannunka. Wannan na nanata shi ga duk mai karatu: mai haɗawa ya gama aikinsa ya miƙa makulli. Injiniyan kirki ba zai ji haushi ba, shi ma ya huta da zargi.

Abu na ƙarshe da ya fi tsaya mini a rai game da shagonka. Kwamfutar da kuke buga takardu cike take da hotunan fasfo, takardun NIN, sakamakon WAEC da NECO na 'ya'yan mutane. Bai kamata ta zauna a layi ɗaya da wanda ya sayi tikitin awa guda ba. A raba layin biyu, MikroTik ta iya wannan sarai. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Ko ba doka, amana ce aka ba ka, kuma fayil ɗin da aka gama bugawa ba shi da dalilin kwana a kwamfutar.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne daga Illela. Na ga rauta ta hannu a kasuwa, rabin kuɗin sabuwa, mai ita ya ce an buɗe ta tana karɓar kowane layi. In saya?

AMSA: Ƙanena, kafin ka ciro kuɗi ka karanta samfurinta a ƙarƙashi, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka ga yaushe rabon da su fitar mata da sabuntawa. Kowace rauta tana da lokacin da kamfani ke daina kula da ita. Daga ranar, duk kafar da aka gano a jikinta ta zauna ke nan. A Janairun 2024 hukumomin Amurka suka sanar da wargaza wata runduna ta ɗaruruwan rautocin gida da ƙananan ofisoshi, kuma mafi yawansu tsofaffin Cisco da Netgear ne da aka daina yi wa gyara. Irin waɗannan tsofaffin kaya su ke biyo gwanjo su iso kasuwanninmu. A Birtaniya tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta hana sayar da na'urar intanet mai kalmar sirri irin admin, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa sabunta ta. Mu a nan mai saye ne zai tambayi wannan da kansa.

Maganar an buɗe ta ita ta fi ba ni tsoro. Wani lokaci lamba kawai ake sakawa, wannan da sauƙi. Wani lokaci kuma manhajar cikinta ake sauyawa da wadda aka sauko da ita daga inda ba a sani ba, kuma mai gyaran kansa bai san abin da ke ƙunshe a ciki ba. Irin wannan ko ka mayar da ita yadda ta fito, manhajar na nan. Ka tambaye shi wace hanya aka bi. Idan ya kasa ba ka amsa, ka haƙura ka ƙara tara kuɗi. Idan kuma ka gamsu ka saya, kafin ka sa layi ka sami tsinke ka danna ɗan ramin da ke bayanta na kamar daƙiƙa goma har fitilu su ɗauke su dawo, sannan ka canza kalmomin sirrin nan biyu.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a Tambuwal. An ce mini kashe rauta da dare yana korar masu kutse. Haka ne?

AMSA: Malam, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mirai da danginta a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zama, da an kashe rauta sun goge. Sai dai idan kalmar sirrin ba ta canza ba, cikin 'yan mintoci da kunnawa za su iya dawowa. Wasu kuma kashewa ba ta fitar da su gaba ɗaya. A Mayun 2018, lokacin da aka gano wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter a na'urori kusan 500,000 cikin ƙasashe 54, hukumar FBI ta Amurka ta roƙi mutane su kashe rautocinsu su kunna, amma tushen manhajar yana nan bayan kunnawa, sai an mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani an sabunta ta.

Ka ci gaba da kashewa da dare. Tana rage cin batiri, tana hana mai hawa layinka a ɓoye samun dama kana barci, kuma a watan Afrilu da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40 na'urar tana buƙatar ta huce. Idan makarantarku tana da kyamarar tsaro da ake kallo ta waya, ita ma ka sa a duba ta, don da irin kalmar sirrin kamfanin take zuwa, kuma ita ba a kashe ta da dare.